Yadda Ake Shirya Gida da Iyali Domin Bikin Nauruz a Iran

Sabuwar shekarar mutanen Iran tana shigowa ne a wani minti ƙayyadadde da masana taurari suke lissafawa tun kafin lokacin, wato sa'ad da tsawon dare da na rana suka yi kunnen doki, a ranar 20 ko 21 ga watan Maris. A shekarar 2024 wannan minti ya faɗo da ƙarfe 6:36 na safe agogon Tehran, a 2025 kuwa ya faɗo da ƙarfe 12:31 na rana, domin kowace shekara yana gusawa da kusan sa'o'i shida. Saboda haka akwai shekarar da iyali za su tashi cikin tsakiyar dare su yi ado su zauna jiran shigowarta. Sunan bikin Nauruz, ma'anarsa da Farisanci sabuwar rana, kuma yana ɗaukar kwana 13. Lokacin nasu mukan fassara shi da bazara, amma ya kamata mai karatu ya cire zafin bazararmu daga ransa: a can lokaci ne da sanyin hunturu yake ja da baya, ƙanƙara take narkewa a kan duwatsu, itatuwa suke fara toho.

Bikin ya girmi zuwan Musulunci ƙasar Farisa, kuma har yau ana yin sa a Afghanistan da Tajikistan da Azarbaijan da yankunan Kurdawa, kowa da nasa salon. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun da ake kiyayewa a 2009, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware masa ranar 21 ga Maris a 2010. Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda gidan talaka ko na mai matsakaicin hali a Iran yake shirya masa, saboda ɗalibi ko ɗan kasuwar da ya sami kansa a Tehran ko Kum ko Mashhad a wannan lokaci ya san abin da maƙwabtansa suke ciki, ya kuma san yadda zai shiga gidansu idan an gayyace shi. Dabarar shirin guda ɗaya ce: a riƙe wancan minti, a riƙa ƙirga kwanaki da baya daga gare shi. Uwar gidan da ta yi kuskuren ƙirga, a kan farantin shukarta ta biki za a gani.

Makonni uku kafin ranar: shara da shuka

Aiki na farko shi ne wanda suke kira hane tekani, wato kakkaɓe gida, kuma yakan fara tun farkon Isfand, watan ƙarshe na shekararsu. Ba sharar yau da kullum ake nufi ba. Ana fitar da kayan kowane ɗaki, a sauke labule a wanke, a goge tagogi ciki da waje, a kwashe abin da ke cikin kabad a tantance, abin da ya tsufa a zubar ko a bayar. Tsarin da ya fi sauƙi shi ne a fara da ɗakin ajiya da madafa, inda aikin ya fi nauyi, a bar ɗakin baƙi zuwa ƙarshe domin kada ƙura ta sake ɓata shi. Darduma ita ce babbar magana, domin gidan Ba'irane a kan darduma yake rayuwa, a kanta ake zama, a kanta ake shimfiɗa abinci. Masu tsakar gida suna wanke ta da kansu su shanya a kan katanga ko bene, mazauna gidajen sama kuwa suna kai wa masu wankin darduma, kuma wanda ya yi jinkiri zai tarar da layi kamar na tela ana jajibirin Sallah. Maza da yara duk suna da rabonsu a wannan aiki.

A daidai wannan lokaci ake jiƙa hatsin sabze, wato ɗanyen tsiro kore da ake shukawa a faranti, kuma a nan ne ƙirgan kwanaki ya fi muhimmanci. An fi amfani da alkama ko adas, wanda ɗan ƙaramin wake ne mai faɗi. Alkama takan kai yadda ake so cikin kimanin mako biyu. A sami kofi ɗaya na alkamar da ba a surfa ba, a tsince, a wanke, a jiƙa ta kwana biyu ana sauya ruwan safe da yamma domin kada ta yi tsami. Daga nan a tsane ta, a ƙunshe a cikin tsumma mai laima, a ajiye a wuri mai ɗumi, ana yayyafa ruwa duk sa'ad da tsumman ya fara bushewa. Bayan kwana biyu ko uku za a ga fararen baki sun fito. Sai a baje ta a faranti mai faɗi, kaurinta kamar yatsa biyu, a rufe da wani tsumman mai laima, a ci gaba da yayyafi. Idan kore ya fara bayyana a cire tsumman, a matsar da farantin kusa da taga inda haske yake shigowa ba tare da rana ta buge shi kai tsaye ba, a riƙa juya shi kullum domin kada tsiron ya karkata gefe guda.

Abin da ya fi kashe sabze shi ne yawan ruwa. Saiwoyin suna saƙa kansu su zama kamar tabarma, kuma idan ruwa ya kwanta a ƙarƙashinsu sai su yi fumfuna su fara wari. Bayan kowane ban ruwa a ɗan karkata farantin, a dafe tsiron da hannu, a tsiyaye ragowar. Idan aka ga ya yi saurin girma, a mayar da shi wuri mai sanyi ko a rage tsawonsa da almakashi. Idan ya yi nawa, a kai shi wuri mai ɗumi. Ranar biki ana ɗaura masa jan zare mai faɗi a kugu. Ana sayar da shi a shirye a bakin titi, kuma ba abin kunya ba ne a saya, amma a ganina wanda aka raina a gida ya fi armashi, musamman inda akwai yara, domin su ne suke duba shi kowace safiya suna auna shi da yatsa.

Da wannan alkama ake yin samanu, wani abu mai kauri launin ƙasa-ƙasa mai zaƙi wanda ba a sa masa sukari ko kaɗan. Ana barin alkamar ta tsira, a niƙa ta tun tana fara kafin ta yi kore, a tace ruwan, a dama shi da garin alkama, a ɗora a wuta ana tuƙawa sa'o'i masu yawa har zaƙin hatsin ya fito da kansa. A da mata sukan taru su kwana a kan tukunya ɗaya suna karɓa-karɓa da muciya suna addu'o'i. Yau mafi yawan gidajen birni sayo shi suke yi, kuma baƙo ma abin da zai yi ke nan.

Mako biyun ƙarshe na kasuwa ne. Ana yi wa kowa sabbin tufafi da takalma, yara a gaba, a sayi kayan zaƙi da ajil, wato gaurayen 'ya'yan itatuwa busassu da na ɓarewa, irin su zabibi da busasshen ɓaure da fistashiyo da soyayyen iri na kabewa. Kasuwar Tajrish da ke arewacin Tehran takan cika ta batse a waɗannan kwanaki. Mai gida kuma yakan je banki ya samo sabbin takardun kuɗi, kuma gara a yi wannan da wuri.

Daren Laraba da yammacin Alhamis

Daren Larabar ƙarshe ta shekara, wato yammacin Talata, shi ne Caharshambe Suri. Ana hura ƙananan wutar ƙirare a tsakar gida ko a lungu, manya da yara su riƙa tsallakewa suna faɗa wa wutar wata magana da ke nufin: ki karɓi rawaya ta jikina, ki ba ni jan naki, wato cuta ta tafi, lafiya ta zo. A wasu wurare yara suna lulluɓe fuska su bi gida gida suna buga cokali a kwano ana ba su ajil, abin da zai tuna wa Bahaushe da tashe. Akwai malaman addini da ba sa son wannan dare, akwai kuma gidajen da ba sa yin sa. Wanda zai halarta ya kula da abu biyu: wutar ta zama ƙarama nesa da mota da bango, kada kuma a tsallaka da doguwar riga mai yalwa. A manyan birane samari sun mayar da daren na jefa abubuwan fashewa, kuma duk shekara ana kai mutane asibiti da ƙuna, don haka baƙo ya fi dacewa ya zauna cikin iyalin da suka gayyace shi maimakon yawo a titi.

Ranar Alhamis ta ƙarshe kuwa ta mamata ce. Iyalai suna zuwa maƙabarta, su wanke kaburburan iyayensu da ruwa, wasu su zuba ruwan wardi, su karanta Fatiha, su raba dabino da alewa sadaka.

Shimfiɗa haft sin

Kwana ɗaya ko biyu kafin shigowar shekara ake shimfiɗa haft sin, wato sin bakwai, abubuwa bakwai da sunansu na Farisanci ya fara da harafin sin. Ana zaɓar mafi kyawun wuri a ɗakin baƙi, a shimfiɗa ƙyalle mai kyau a kan tebur ko a ƙasa, sannan a jera su cikin ƙananan kwanuka. Biyu mun riga mun san su, sabze da samanu. Sauran su ne sib, wato tuffa, da sir, wato tafarnuwa, da serke, wato ruwan khal, da somak, wani jan gari mai tsami da suke barbaɗawa a gasasshen nama, sai senjed, ɗan itace busasshe mai gari a ciki wanda ya yi kama da magarya a ido. Kowanne ana danganta shi da wani fata: tsiro da sabuntawa, tuffa da kyau da lafiya, tafarnuwa da magani, khal da haƙuri da tsawon rai, senjed da ƙauna. Fassarar takan bambanta daga gida zuwa gida, kuma ba abin jayayya ba ne.

Wajen jerawa a fara da madubi a can baya, a jingine shi yadda zai nuna abin da ke gabansa, a sa kyandir hagu da dama. A gaban madubin ake ajiye Alƙur'ani a gidajen Musulmi, da yawa kuma suna ƙara diwanin Hafiz, mawaƙin birnin Shiraz, ko Shahname, littafin waƙen labarin sarakunan Farisa na Firdausi. Sabze yana zama a tsakiya domin shi ne mafi tsawo da ɗaukar ido, ƙananan kwanuka su kewaye shi. Sai a cike gurabe da dafaffen ƙwai da aka yi wa fenti, wanda aikin yara ne kuma sau da yawa ana yin sa daidai da yawan mutanen gida, da tsabar kuɗi a ɗan kwano, da furen sombol mai ƙamshi, da farantin kayan zaƙi. Gidaje da yawa suna ajiye ɗan jan kifi a kwanon gilashi. Wannan kam ba na ba da shawararsa, domin akasarin kifayen ba sa wuce 'yan makonni, kuma a Iran ɗin ma akwai masu kira da a daina. Wasu suna maye gurbinsa da lemo guda a cikin kwanon ruwa, wanda shi ma tsohuwar al'ada ce. Haft sin zai zauna a wurinsa har kwana 13, don haka a riƙa sauya tuffar da ta yi laushi, ana kuma ci gaba da yi wa sabze yayyafi.

Abincin daren sabuwar shekara shi ne sabzi polo da kifi, wato shinkafa da ganye. A jiƙa shinkafa mai dogon ƙwaya a ruwan gishiri na 'yan sa'o'i, a zuba a tafasasshen ruwa ta yi rabin dahuwa, a zuba yankakken ganye mai yawa, wanda ya haɗa da ganyen albasa da ɗanyen ganyen tafarnuwa da na hulba da wasu masu ƙamshi, sannan a tsane gaba ɗaya. A zuba mai a gindin tukunya, a shimfiɗa siririn burodi ko yankakken dankali, a tara shinkafar a kai kamar tudu, a huda ta da bakin cokali, a naɗe murfin da tsumma mai tsabta domin ya shanye tururi, a bar ta a ƙaramar wuta kamar minti 45 zuwa sa'a ɗaya. Abin da ya kama a gindin tukunya shi ne tahdig, ƙanzo ke nan, kuma a can ba ragowar yara ba ne, shi ake fara miƙa wa baƙo. Kifin ana shafa masa gishiri da kurkur da ɗan gari a soya, wanda aka fi daraja shi ne farin kifin tekun Kaspiyan. Ana haɗawa da kuku sabzi, wainar ƙwai da ganye ya fi ƙwan yawa a cikinta.

Mintin shigowar shekara

Kafin lokacin kowa ya yi wanka ya sa sabbin kaya, a kunna kyandir, a kunna talabijin ko rediyo domin a ji sanarwa, iyali duka su zauna kewaye da haft sin. Ana ƙoƙari kada kowa ya kasance a waje, kuma wanda yake da saɓani da ɗan'uwansa ana so ya warware kafin nan. A gidajen masu addini ana karatun Alƙur'ani, sannan a karanta wata gajeriyar addu'a ta Larabci da kusan kowa ya haddace: Ya muƙallibal ƙulubi wal absar, ya mudabbiral laili wan nahar, ya muhawwilal hauli wal ahwal, hawwil halana ila ahsanil hal. Da an sanar, sai a rungumi juna, ƙanana su fara gaida manya, a ce sale no mubarak ko eide shoma mubarak, a ɗanɗani wani abu mai zaƙi. Daga nan uba ko kaka ya raba eidi, kyautar sabbin takardun kuɗi da akan sa tsakanin shafukan Alƙur'ani tun da farko domin neman albarka. Barka da sallah ce ta yara, kuma babba ne yake ba ƙarami. Wasu gidaje suna damuwa da wanda zai fara shigowa bayan shigowar shekara, har su tura wani yaro ko mutumin da suke ganin yana da farar ƙafa ya fita ya dawo.

Ziyara, wadda ita ce ainihin bikin

Kwanaki huɗun farko hutun gwamnati ne, makarantu kuma suna rufe har ƙarshen bikin, kuma duk wannan lokaci na did o bazdid ne, wato ziyara da ramuwar ziyara. Tsarinta yana da ƙa'ida, kuma a nan ne baƙo zai iya yin kuskure. Ana farawa da mafi girma a dangi, kakanni sannan iyaye, sannan baffanni da gwaggwanni da kawunnai bisa shekaru, daga baya abokai da maƙwabta. Manya suna zaune a gida a ranakun farko suna karɓar gaisuwa, sai daga baya su rama. Duk wanda ya zo gidanka ka ci bashin ziyara, kuma ana so a biya kafin rana ta 13. Gidan da aka yi rasuwa a cikin shekarar da ta wuce ana sa shi a farkon jerin, a je a zauna da su cikin natsuwa, domin shi ne bikinsu na farko ba tare da mamacin ba.

Ziyarar gajeriya ce, rabin sa'a ko ƙasa da sa'a ɗaya, tunda kowa yana da gidaje da yawa a gabansa, kuma yanzu an saba a buga waya kafin a zo. Ana cire takalmi a ƙofa. Mai gida zai kawo shayi a ƙaramin kofin gilashi, ya ajiye wa kowa ɗan faranti da wuƙa, ya zagaya da 'ya'yan itatuwa, waɗanda kokwamba tana cikinsu, da ajil da kayan zaƙi irin su sohan na Kum da gaz na Isfahan. Akwai wata kara da suke kira ta'arof: idan an miƙa maka abu ka ɗan noƙe sau ɗaya ko biyu, mai gida ya nace, sannan ka ɗauka. Bahaushe ba zai sha wahalar wannan ba, domin ya san kunyar baƙo. Abin lura shi ne haka take a ɗaya ɓangaren: idan an ce ka tsaya cin abinci sau ɗaya kawai, ladabi ne, sai an maimaita da gaske ake zama. A ci kaɗan a kowane gida, domin mai gida na biyar ma zai nace kamar na farko. Baƙo yana iya zuwa da kwalin kayan zaƙi ko fure, kuma idan gidan akwai yara ƙanana, ɗan eidi a hannu zai faranta musu rai. Game da musafaha tsakanin namiji da mace, a bi abin da aka ga mutanen gidan suna yi. Ɗora hannu a ƙirji ya wadatar. A shekarun 2024 da 2025 bikin ya faɗo cikin watan azumi, sai gidaje da yawa suka mayar da ziyarar bayan shan ruwa.

Ba kowa ne yake zama a gari ba. Iyalai da yawa suna gama gaida manya su kama hanya zuwa Mashhad ko Shiraz ko Isfahan ko gaɓar tekun Kaspiyan, har Tehran ta yi fayau. Mai niyyar tafiya ya nemi tikiti da masauki tun makonni kafin lokacin, mai wata buƙata a ofis kuma ya gama ta kafin ƙarshen Isfand.

Rana ta 13

Ranar 13 ga Farwardin, watan farko na shekararsu, wadda take faɗowa 1 ko 2 ga Afrilu, ita ce Sizda Bedar, kuma a ranar ba a wuni a ɗaki. Tun daren jiya ake haɗa kaya: darduma ko tabarma, tukunyar shayi, gawayi da nama na gashi, da tukunyar ash reshte, wata miya mai kauri ta taliya da wake da ganye. Ana tafiya da latas da sekanjabin, wato ruwan khal da aka dafa da sukari ko zuma da na'ana'a, ana tsoma ganyen a ciki ana ci da yamma. A fita da sassafe, domin kafin hantsi duk wata inuwa a lambu ko bakin rafi an kama ta, har ciyawar gefen titi ba ta tsira. Kada a manta da sabze, wanda a lokacin ya fara rawaya. Akan ga farantinsa a kan motoci suna fita gari. Kafin a dawo 'yan mata da samari marasa aure suna ƙulla ganyen tsiron biyu suna fatan samun abokin zama, sannan a cire shi daga farantin a jefa a ruwa mai gudu. Jan zaren da duk wata leda a riƙe su a hannu a dawo da su gida. Da dare ake kwashe kwanukan haft sin a wanke, a naɗe ƙyallen, a mayar da madubi wurinsa, a kuma nemo jakunkunan makarantar yara, domin ranar 14 ga Farwardin ake komawa aji.